Bashin gina gida: sunana ya ɓaci a banki, abin hannuna kuma kaɗan ne, ko akwai mafita?

Mushe na Garin Malam:

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar banki ko suka taɓa bi ta wannan hanya. Ni malamin lakwal ne nan Damagaram, na daɗe ina kwantiragi kafin Allah ya sa na samu matirkil, wato lambar cikakken ma'aikacin gomnati, yanzu albashina yana faɗawa banki duk wata, jika 180 (sefa dubu 180) ke shigowa hannu. Ina haya a Garin Malam ɗaki biyu da ɗan tsakar gida jika 25 a wata, ni da mai ɗakina da yara huɗu, kuma mai gidan ya fara yi min zancen ɗansa zai yi aure bayan babbar sallah, bai ce in tashi ba amma kowa ya san inda maganar ta dosa.

Ina da fili bisa hanyar Mirriya da na saya hannun magada, takardar da ke hannuna ta mai unguwa ce da sa hannun shaidu. Ina kuma da ajiya jika 900. Niyyata in ɗauki miliyan 8 a banki in gina ɗaki uku da katanga in shiga.

Ga inda matsalar take. A 2021 ina kwantiragi na ci bashin jika 500 a wani asusun ba da lamuni na sayi moto na ba ƙanena yana kabu-kabu, da shirin abin da yake kawowa shi zai riƙa biyan bashin, sai aka sace moton, ga kuɗin kwantiragi su ma ba kan lokaci suke zuwa ba, biya ya tsaya wata da watanni, daga baya na riƙa kai abin da ya samu, yanzu saura jika 140 ban da tarar makara da suke ta lissafawa. Da na kai dosiyena banki mutumin ya duba kwamfuta ya ce Mushe sunanka ya fito, kuma abin da za ka fara zubawa daga aljihunka ya yi kaɗan, dosiyen nan ba zai wuce ba.

Shin ana iya wanke suna? Ko in tafi wani bankin da bai san ni ba? Sannan akwai wani da ya ce zai ranta min miliyan 1 in zuba a kont, wato asusuna na banki, don a ga ina da ƙarfi, bayan wata uku in mayar masa miliyan 1 da jika 200. Wlh abin ya hana ni barci. Na gode.

Baba mai ritaya:

Wa alaikumus salam Mushe. Na yi aikin banki har na yi ritaya, kuma mafi yawan shekaruna a sashen bashi na yi su, bari in faɗa maka abin da mai duba dosiye yake gani.

Zancen canza banki ka cire shi daga ranka. Da can ana yi, mutum ya ci bashi nan ya tsallaka titi ya buɗe kont can ba wanda ya sani. Tun 2016 akwai abin da ake kira BIC, wurin da ake tara bayanan bashi na ƙasashen UEMOA guda 8 masu kuɗin sefa a Afirka ta Yamma, kamfanin Creditinfo ke riƙe da shi, babban bankin yankinmu BCEAO na sa ido a kai. Bankuna da manyan asusun lamuni duk suna aika bayanan masu bashinsu can, kuma cikin takardun da ake ba mutum ya sa hannu ranar karɓar bashi akwai wadda ya yarda a raba bayaninsa, galibi ba a karantawa saboda hankali yana kan kuɗin. To duk bankin da ka shiga a Damagaram ko Yamai, ko Kwatano ka je, abu ɗaya za su gani.

Amma ka kwantar da hankalinka, ba littafin kora ba ne, tarihi ne, ana rubuta mai kyau ana rubuta maras kyau. A idon mai duba dosiye, wanda ya makara amma ya biya daban, wanda bashinsa har yau yake buɗe daban. Kai yanzu kana rukuni na biyu ne saboda jika 140 kacal, alhali kana da jika 900 a ajiye. Ka je ka zauna da shugaban reshen asusun nan da kanka, ba yaron da ke karɓar kuɗi ba, ka ce ka zo rufe bashi gaba ɗaya yau, a yi maka sassauci kan tarar. Sau da yawa suna ragewa, don sun fi son kuɗinsu ya dawo da su yi ta bin ka. In ka biya kada ka fito sai da rasit da takardar shaidar ka gama biya, mai hatimi da sa hannu da kwanan wata, ka yi mata fotokofi ka adana ta asalin, ka kuma roƙe su su gyara bayaninka a BIC. Kana da haƙƙin ganin rahotonka da idonka, sau ɗaya a shekara kyauta ne, in ka ga kuskure ko ka ga ba a gyara ba kana da damar ƙorafi a rubuce. Makarar da ka yi ba za ta ɓace nan take ba, amma za a ga an rufe.

Mutumin nan mai miliyan 1 kuwa ka guje shi. Jika 200 bisa miliyan a wata uku, ka lissafa a shekara, 80% ke nan. Iyakar ruwan da hukumar kuɗin yankinmu ta sa a 2014 shi ne 15% ga bankuna, 24% ga asusun lamuni, ka ga inda nasa yake. Kuma ba zai yi maka aiki ba ma, don ana duba yadda kuɗi ke shiga da fita a kont ɗinka na watannin baya, malamin lakwal mai jika 180 a wayi gari miliyan ta faɗo masa daga sama mako guda kafin ya kawo dosiye, tambayar farko ita ce daga ina. In kuma dosiyen bai wuce ba ka zauna da bashin jika 200 na banza.

Yanzu lissafi, don ko da sunanka fari tas ne miliyan 8 ba za ta fito ba. Banki ba ya son abin da zai cire duk wata ya wuce wajen kashi ɗaya cikin uku na albashi, kai ke nan jika 60. A ce misali ruwa 9% ne, ba farashin wani banki nake faɗa ba, don lissafi kawai. Miliyan 8 a shekara 10 tana cin jika 101 da ɗoriya duk wata, a shekara 15 jika 81. Duka sun fi ƙarfinka. Abin da jika 60 za ta ɗauka a shekara 10 wajen miliyan 4 da jika 700 ne, kuma ranar da ka gama za ka tarar ka biya miliyan 7 da jika 200. Ban sa asiransin rai ba, ban sa kuɗin buɗe dosiye da na notar da haraji ba, shi ya sa in za ka tambaya kada ka tsaya kan ruwa kawai, ka ce a faɗa maka TEG, shi ne ya haɗa komai. Ka kuma tuna dole bashin ya ƙare kafin ranar ritayarka, duk shekarar da ta wuce tana rage tsawon abin da za a iya ba ka.

Sai babbar magana, wadda mutumin bankin bai ma kai ga faɗa maka ba. Takardar mai unguwa banki ba ya riƙe ta jingina. A dokar OHADA, dokar kasuwanci da ƙasashenmu suka haɗu a kai, filin da aka yi wa rajista ne ake jinginarwa, wato mai titir fonsiye. Ko takardar rabon fili ta meri (ofishin magajin gari), akt da sesiyon, mataki ne kawai na zuwa can. Tun 2006 gomnati ta kawo sassauƙar hanyar samun titir da ake kira Sheda, sai ka bi ta ofishin kadastir, masu awo da rajistar filaye, ka ji abin da filinka yake buƙata. In babu titir abin da ma'aikacin gomnati ke samu shi ne bashi bisa albashi, ka sa hannu albashinka ba zai bar bankin ba har ka gama, amma shekarunsa gajeru ne, jika 60 a shekara 5 da wancan ruwan wajen miliyan 2 da jika 900 ne.

Shawarata, bana ba shekarar cin bashi ba ce, shekarar gyara ce. Rufe tsohon bashi, ka daina karɓar abans kafin ƙarshen wata, kada kont ɗinka ya shiga ja, ka buɗe kont na ajiya a riƙa cire maka ko jika 20 ne ranar albashi. Ajiyar da aka gani tana taruwa wata bayan wata ta fi miliyan ɗin aro daraja nesa ba kusa ba.

Ɗan Birni:

Slm. Allah ya saka wa Baba da alheri, amma ni Mushe akwai abin da nake so ka sa a gaba kafin lissafi, wato ruwan nan da ake ta faɗa riba ce, kuma gida ne za ka sa iyalinka a ciki ka yi sallah a ciki. Ban zo yi maka wa'azi ba, na san halin haya, ni ma a ciki na girma. Amma ka je ka tambayi malaman da ka yarda da su kafin ka sa hannu. Akwai BIN, bankin musulunci na Nijar, kuma tun 2018 BCEAO ta fitar da ƙa'idojin harkar kuɗi ta musulunci, wasu bankunan ma sun buɗe sashe na haka. Abin da ake yi murabaha, ba kuɗi za su damƙa maka ba, su za su sayi siminti da ƙarfe da kwano su sayar maka da ribar da kuka yi yarjejeniya tun farko ka riƙa biya wata-wata, farashin da aka yanke shi ke nan. Ba na ce ya fi araha ba, wani lokaci ƙarshen lissafin kusan ɗaya ne, kuma su ma za su duba sunanka su nemi garanti kamar kowa.

Jika 140 ɗin nan kuwa ko ba don banki ba ka biya ta cikin satin nan. Ka san hadisin gawar da aka kawo Manzon Allah (SAW) bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin da ke kanta. Kana da abin biya a hannu, kada ka kwana da shi.

Hajiya ta kasuwar Dole:

Mushe ƙanena sannu, Allah ya yaye. Ni ban yi karatun su Baba ba, atamfa nake saidawa, amma gidan da nake ciki a Karkada ni na gina shi bayan rasuwar mai gidana kuma ko dala ta banki babu a ciki, to ka saurare ni.

Waye ya ce maka sai ɗaki uku a tashi ɗaya? Abin da ke cin ka yanzu haya ce, jika 25 sau 12 jika 300 ke nan duk shekara kana ba wani. Ka yi katanga, ka yi ɗaki da falo, ka haƙa masai, ka sa ƙofa ka kwashe iyalinka ku shiga ko ba a yi shafe ba ko ba wuta, ranar da ka shiga jika 25 ɗin nan ta zama taka, ita za ta gina sauran. Ni da na shiga nawa buhu ne a taga, ƙasa ce a tsakar ɗaki na shimfiɗa leda da tabarma, mutane suka yi ta magana, yau su ke zuwa tambayata wane magini ya yi min.

Da adashi na yi. Duk ranar da na kwasa ba na bari kuɗin su kwana a ɗakina, don kuɗi in suna hannu sai ka ji an yi haihuwa an yi rasuwa wane ba lafiya, kuma ba ka iya hanawa, daga wurin uwar adashi sai wurin mai siminti. Kuma kada ka ajiye simintin, in ya daɗe ko ya sha raɓa daskarewa yake ya zama dutse ka yi asara, a buga maka birgi nan take a jera a filin, ka ƙirga ka rubuta ka samu maƙwabci mai amana ya sa ido. Birgi ba mai zuwa ya ce ka ranta masa. Ka kuma tsaya a kai ranar bugawa, ka ga buhu nawa aka fasa da idonka, don in ka juya baya sai a ja buhu ɗaya ya fitar da birgin da ya fi ƙima, ka taɓa shi da yatsa yana zubewa.

Ka san garinmu da ruwa. Kada ka yi aikin siminti cikin bazara lokacin da famfo ke ɗaukewa ƴan ga-ruwa su tsawwala bido, birgi yana son a yi ta ba shi ruwa kwanaki bayan bugawa, kuɗin ruwa kaɗai sai su karya ka. Bayan damina ake yi, tafkuna da ruwa, rana ba zafi. Sannan kafin magini ya yanka maka kuɗin haƙa a gwada ƙasar, Damagaram dutse ne, wani filin taku kaɗan za a yi a ci karo da fa, ramin masai ya koma aikin masu fasa dutse.

In kuɗi bai kai ba ka yi tushe da siminti mai tsawo sama da ƙasa, sama ka ɗora na laka a shafe, amma tushe kada ka yi masa rowa. Duk mun ga damanar 2024, ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni da ya haura shekara 170 ya zube, balle ɗakunan talakawa da ruwa ya kwanta a gindinsu. Ka je filinka ranar da aka yi ruwa mai yawa ka ga inda ruwan ke bi.

Ni a ganina ko sunanka ya wanku kada ka koma bankin nan. Jika 60 ana cirewa shekara goma, ga yara huɗu suna girma, ga ciwo ba ya sallama, ga buhun hatsi yadda yake tashi kafin kaka. Adashi in ka matsu kana iya zuwa ka roƙi uwar adashi a canza maka kwasa, albashin da aka cire tun kafin ka gan shi wa za ka roƙa?

Ɗan Zango a Yamai:

Ƙari kaɗan kan na Baba. Akwai bankin gidaje na ƙasa BHN da aka buɗe ƙarshen 2018, aikinsa ke nan, ka nemi sharuɗɗansu a rubuce ka kwatanta da na bankinka. Ka kuma tambayi sandikanku na malamai ko suna da wata yarjejeniya da banki ko ta filaye, abin da aka shiga a ƙungiyance ya kan fi sauƙi bisa mutum ya je shi kaɗai. Siminti kuma gomnati ta rage farashinsa a Oktoban 2024 bayan ambaliya, ka san farashin hukuma kafin ka je saye.

Sannan ka yi hattara da masu cewa suna da mutum a ciki da zai goge maka suna in ka ba da wani abu. Ba mai gogewa, wanda ya ba ka bashin shi ke aika gyara bayan ka biya.

Mushe na Garin Malam:

Ngd ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, lissafin nan ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya yi min shi. Na kira mai miliyan na ce masa na fasa. Ranar Litinin in sha Allah zan je in rufe bashin. Hajiya, na karanta wa mai ɗakina abin da kika rubuta, ta ce ita ta yarda da ɗaki da falo in dai namu ne, tana ma cikin wani adashi na matan unguwa da za ta kwasa bayan azumi.

Tambayata ta ƙarshe Baba, in na biya zai rage min wajen jika 760 ko ƙasa da haka in tarar ta ci wani abu. Da wanne zan fara, neman titir ko katanga? Don gaskiya ban tabbata wurin an yi masa lotisma ba, wato yankan filaye na hukuma, gona ce da magadan suka yanka da kansu suka saida.

Baba mai ritaya:

To wannan da ka faɗa yanzu ya fi duk abin da muka tattauna nauyi. Kada ka ɗora birgi ko ɗaya tukuna. Ka ɗauki takardar mai unguwa ka je meri sashen filaye, ka nemi a duba maka a taswira inda filin ya faɗa. Gonar da aka yanka ba bisa tsarin hukuma ba, ranar da lotisma ya iso wurin ana iya samun filinka a tsakiyar hanya ko a wurin da aka ware wa lakwal ko likita, ka gina a zo a shafa maka jan fenti. Na ga dosiyoyi irin haka da yawa, mutum ya gama gini sannan ya zo neman titir a ce babu.

Ka kuma koma wurin magadan ka tabbatar dukkansu sun sa hannu, har matan da waɗanda ke Kano ko Agadas ko Libiya, ba babban wansu kaɗai ba, in an raba gadon a gaban alƙali ka nemi kofin takardar. Magaji ɗaya da bai yarda ba ya isa ya tsayar da kai shekaru.

In meri ta ce wurin lafiya, ka biya a kafa maka bornoni, alamun iyakar fili, a fara maka takarda, sauran kuɗin ka bi tsarin Hajiya, katanga da tushe bayan damina. Ni da ita inda muka rabu kaɗan ne, ita ta ce kada ka koma banki sam, ni ina ganin in ka kai ginin linto da kuɗinka, sunanka ya yi shekara a wanke, ƙaramin bashi na kwano da ƙofofi da za ka gama cikin shekara biyu ko uku ba zai karya ka ba, ko ta hanyar da Ɗan Birni ya faɗa. In kuma meri ta ce akwai matsala, ka dawo nan ka faɗa mana abin da suka ce kafin ka yi magana da magadan.